Tsohuwar Mota Ta Ƙi Tashi Da Sanyin Asuba: Daga Ina Za Ka Fara Dubawa?

   

To, hunturu dai ya kankama. Daga Disamba zuwa Janairu, duk wanda ya yi sammako a tasha ya san abin da ake gani: motoci a jere, wannan ana tura ta, waccan an buɗe bonet an sunkuya, can kuma wani ya hura wuta a ƙarƙashin inji. A Kano, Katsina, Maraɗi ko Damagaram, sanyin asuba kan sauko zuwa digiri 12 ko 13. A Jos yakan yi ƙasa da 10, a duwatsun Ayar kuwa, arewa da Agadas, har kusa da sifili yake kaiwa. Mutanen Rasha ko Kanada za su ce wannan ai ba sanyi ba ne. To amma ga injin da ya shekara 30 ko 40 yana jan kaya, ya isa ya kwantar da shi.

Kuma fa lokacin ne na tumatir. Mutum ya yi lodi a Kwanar Gafan zai nufi kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, kowace awa da ya ɓata a tsaye kwanduna ne ke ruɓewa a baya. Mai kaya na kiran waya, mai mota na kiran waya. A irin wannan matsin ne direba ke yin abin da zai ƙone kik, ko ya fasa batir, ko ma ya jawo asarar rai. Shi ya sa yau za mu bi abin daki-daki.

Abu na farko da nake so ka riƙe, sanyi ba kasafai yake lalata komai a mota ba. Tona asiri yake yi. Batir ɗin da ya gaji tun zafin Afrilu, rin ɗin da ya cinye, tiyon da ya tsattsage, duk suna nan, zafi ne yake rufa musu asiri. Da sanyi ya zo sai kowa ya nuna halinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bari mu ɗan tuna yadda injin gas yake kamawa, don shi ne tushen maganar. Injin fetur yana da fulogi da ke ba da tartsatsi. Injin gas ba shi da wannan. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda, ninki 16 zuwa 22 gwargwadon injin, har iskar ta yi zafin da ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa gas a ciki ya kama da kansa. Wato dole inji ya juya da sauri, ya matse iska sosai, gas kuma ya iso a kan lokaci. Da asuba ƙarfen inji ya yi sanyi, yana shanye zafin iskar nan. Baƙin mai ya yi kauri, yana riƙe inji. Batir kuma ƙarfinsa ya ragu, domin sinadarin da ke cikinsa ba ya aiki da kuzari a cikin sanyi. Ka ga ana neman ƙarin ƙarfi daga wanda ƙarfinsa ya ragu ke nan.

To, kafin ka ɗauko sifana ko ɗaya, yi amfani da kunnenka. Ka murɗa makulli, me ka ji? Ko dai shiru ko ɗan "ƙas" kawai. Ko inji ya juya a hankali kamar mai jin barci. Ko kuma ya juya garau da sauri amma ya ƙi kamawa. Na farko da na biyu maganar wuta ce, batir da wayoyi da kik. Na ukun maganar mai ce, ko iska, ko zafi. In ka raba wannan tun farko, ka rage rabin wahala. Da yawa ana kwance famfon gas a kai wa mai gyara, alhali kan batir ne ya yi tsatsa.

Mu fara da wuta. Ga gwajin da ba ya buƙatar kayan aiki: kunna manyan fitilu, ka sa yaronka ya tsaya a gaba, sannan ka murɗa makulli. In fitilu suka dusashe ko suka mutu gaba ɗaya, to batir ya yi rauni, ko kuma wutar ba ta wucewa a kan batir. In kuwa fitilu suka tsaya tar da haskensu amma kik bai motsa ba, batir na da wuta, sai ka koma kan makulli, da siririyar wayar da ke zuwa kik, da kik ɗin kansa.

Bayan ka gwada tayarwa sau ɗaya ko biyu, taɓa kawunan batir da manyan wayoyi da hannu. Inda ka ji zafi, nan wuta take maƙalewa. Wannan farin gari ko kore da ke taruwa a kan batir, cire kan ka wanke shi da ruwan ɗumi da ɗan kanwa, ka kankare da samfefa har ƙarfe ya fito, ka ɗaure tamau. Ka dai kula kada ruwan kanwar ya shiga cikin batir, zai kashe asid ɗin. In za ka kwance, fara cire nagatif, in za ka mayar shi ne na ƙarshe. Kada ka manta da babbar wayar da ke tashi daga nagatif zuwa shasi, da wadda ke haɗa shasi da inji. A tsofaffin motoci sau da yawa ita ce ɓarauniyar, ta yi tsatsa a inda ido ba ya kaiwa.

Wanda yake da mita, abin ya fi sauƙi. Batir mai 12 da ya cika, bayan ya kwana, zai nuna kusan 12.6. In ya nuna 12.2, rabi ne. In ya sauko 12.0, ya kusa ƙarewa. Lokacin da kik ke juyawa, bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In mota ta tashi kuma, ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, alamar altaneta na caji ke nan. In ba ka ga haka ba, duba fambel, wataƙila ya saki. Manyan motoci masu batir biyu, wato 24, sai ka ninka waɗannan lambobin, amma ka auna kowane batir shi kaɗai. Abin da ake yawan yi shi ne ɗaya ya mutu, a sayo sabo a haɗa shi da tsohon. Wallahi asarar kuɗi ce, tsohon zai ja sabon ƙasa. Haka ma masu jan wutar rediyo ko cajin waya daga batir guda cikin biyun, kullum shi zai riga mutuwa.

In batir lafiya, wayoyi lafiya, amma "ƙas" kawai kake ji, ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da ƙotar guduma a hankali yayin da wani ke murɗa makulli. In ta tashi, burosh ɗin kik ne suka cinye. Wannan dabara ta fitar da kai daga daji ce kawai, kai wa mai waya ya canza su a ranar.

Ga kuma dokar da nake roƙon kowa ya kiyaye. Kada ka riƙe makulli ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15. Ka saki, ka ba shi kamar minti ɗaya ya huce, batir ma ya ɗan farfaɗo. Kik ba a yi shi don dogon aiki ba. Sannan ka taka kuloci har ƙasa lokacin tayarwa, don kada kik ya haɗa da juya haƙoran giya a cikin man da ya yi kauri.

Tunda an zo maganar kauri, wane baƙin mai kake zubawa? Da yawa daga cikin masu tsofaffin motoci sun fi son SAE 40 zalla, wai ya fi riƙe inji. Da rana haka ne. Da asubar hunturu kuwa ya zama kamar zuma. Mai irin 15W-40 an yi shi ne ya yi laushi a sanyi, ya kuma riƙe kaurinsa in inji ya yi zafi. Harafin W ɗin nan ma daga kalmar hunturu ta Turanci aka ɗauko shi. In motarka kullum a hankali take juyawa da safe alhali batir sabo ne, duba wannan, ka kuma tuna yaushe rabonka da juye.

To, yanzu mu zo kan wadda ke juyawa garau amma ta ƙi kamawa. A nan ido ne zai yi aiki. Tura yaro bayan mota ya kalli salansa yayin da kake tayarwa. In babu hayaƙi ko kaɗan, gas ba ya isa silinda. In farin hayaƙi ne mai warin ɗanyen gas, yana sa ido yaji, to gas na zuwa, zafin da zai ƙona shi ne babu. In baƙi ne, iska ce ta yi kaɗan ko gas ya yi yawa.

Mu ɗauki babu hayaƙi. Fara da abin da ake jin kunyar dubawa: akwai mai a tanki? Gejin tsohuwar mota ba abin yarda ba ne, sa sanda ka gani. Sannan abin kashe inji. A motocin da ake jan waya a kashe, tabbatar wayar ta koma wurinta har can jikin famfo. A irin su Hilux da Hiace masu gas, akwai ɗan abin lantarki a jikin famfo da ke buɗe wa mai hanya, in ka kunna makulli za ka ji ya yi "ƙas". In bai yi ba, duba wayarsa da fis.

In duk wannan lafiya, abin da ya fi yawa shi ne iska ta shiga layin mai. Tsohon tiyo in ya ji sanyi yana ƙanƙancewa ya taurare, bakin da aka ɗaure ya ɗan saki. Ba lallai ka ga ɗigo a ƙasa ba, domin ramin da gas ba zai fita ba iska za ta shiga. Cikin dare sai man ya sulale ya koma tanki. Gwajinsa mai sauƙi ne: da safe kafin ka taɓa makulli, buga famfon hannu har sai ka ji ya yi tauri. In ta tashi bugu ɗaya, ka kama ɓarawon. Sassauta ɗan kusoshin fitar da iska a kan filta, ka yi ta bugawa har kumfa ta ƙare gas ya fito zalla, ka ɗaure. Daga baya ka bi tiyo da wasa-wasan jan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya ka canza. In kana shakkar tanki ne ko layi, sa tiyo a cikin jarka mai tsabtataccen gas ka ba famfo kai tsaye. In ta tashi, matsalar tana baya.

Sai ruwa. Tankin da ya kwana rabi, iskar da ke cikinsa tana yin raɓa a jikin ƙarfe in dare ya yi sanyi, ga kuma wanda ake samu a man jarka na bakin hanya. Ruwa ya fi gas nauyi, ƙasa yake kwanciya, inda bututu ke zuƙa. Buɗe ƙasan filta ka tsiyaye a kwalba mai haske, za ka ga ruwan a ƙasa. Ana yawan cewa gas ne ya daskare. Gaskiya ne gas na fitar da wani abu kamar kakin zuma ya toshe filta, amma sai sanyi ya kai wajen sifili ko ƙasa. Mai hawa Ayar ko mai ratsa Sahara da dare zai iya haɗuwa da shi. A Kano ko Sakkwato, ka fi zargin ruwa, datti da iska.

Gargaɗi ɗaya a nan. In bakanike ya sassauta bututun nozul don ya ga ko mai na zuwa, kada kowa ya kai hannu. Ƙarfin feshin nan ya ninka iskar tayar babbar mota fiye da sau 15. Yana huda fata ya shiga nama, ramin ƙarami kamar na allura, amma yana iya kaiwa ga yanke yatsa. In ya faru, asibiti nan take.

Yanzu farin hayaƙi. A nan motoci sun kasu biyu. Ƙananan injinan gas irin Toyota 2L, 3L da 5L suna da hita a kowace silinda, ɗan ƙarfe da ke yin ja zur kafin a tayar. Ka kunna makulli, ka jira fitilar nan mai kama da nannaɗaɗɗiyar waya ta mutu, da sanyi ma ka maimaita sau biyu. Hita ɗaya ko biyu in sun ƙone, da zafi ba za ka sani ba, sai hunturu. Gwajinsu da fitilar gwaji ne: cire ƙarfen da ya haɗa kawunansu, maƙala fitilar a fozitif na batir, ka taɓa kan kowace hita. Wadda ta kunna fitila tana da rai, wadda ba ta kunna ba ta ƙone. Ka kuma tabbatar wuta na isowa gare su in an kunna makulli, don wani lokacin rile ne ko fis.

Manyan kuwa, irin Marsandi 911 mai injin OM352, silinda 6, wadda aka riƙa haɗawa a kamfanin ANAMMCO na Inugu, kai tsaye suke fesa mai a kan fistin, galibinsu ba su dogara da irin wannan hita ba. Ƙarfin matsi da saurin juyawa su ne jarinsu. In irin wannan ta fara wahalar tashi da farin hayaƙi alhali batir da kik garau, a duba saitin tafet, a kai nozul a gwada feshinsu, a duba tayimin na famfo. In mota ta tashi, buɗe murfin zuba baƙin mai. In hayaƙi na bugowa da ƙarfi kamar tukunya, rin ya tafi, inji na neman aiki. Gara ka fara tara kuɗin tun yanzu.

Baƙin hayaƙi kuwa, tuna cewa hunturu da ƙura yake tafe. Filtar iska kan toshe cikin 'yan kwanaki. Cire ta ka kakkaɓe, ka hura daga ciki zuwa waje. Amma kada ka yi tafiya babu ita, ƙurar nan samfefa ce a cikin silinda.

Masu tsofaffin a-kori-kura na fetur, irin Fijo 504 da aka haɗa a Kaduna, ban manta da ku ba. Fetur ba ya tashi ya zama tururi da kyau a sanyi, shi ya sa kafireto ke da cok. Ja cok, taka totur sau ɗaya ko biyu, ka tayar. In ka yi ta bugun totur har warin fetur ya cika wurin, ta sha mai ke nan: mayar da cok, taka totur har ƙasa ka riƙe, ka tayar. In ta ƙi, buɗe murfin distiribita ka goge laima da ƙura, ka duba kwantak da fulogi. Tartsatsi mai kyau shuɗi ne mai ƙara, ja mai rauni ba zai tayar da injin sanyi ba.

To jama'a, ga ɓangaren da ya fi komai muhimmanci a shirin yau. Hura wuta a ƙarƙashin inji ko tanki, don Allah a daina. Ƙasan tsohuwar mota duk mai ne da tiyo da wayoyi, ga tamfol da kaya a sama. In ɗumi kake so, dafa ruwa a gefe, ka zuba mai zafi a kan bututun shigar iska da filtar gas da jikin famfo, ka kauce wa altaneta da kik. Ko ka jira hantsi.

Tsumma da fetur a bakin iska, ko feshin gwangwanin tayar da inji, shi ma haɗari ne. Yana kamawa tun fistin bai kai sama ba, ya karya rin ko ya lanƙwasa kwanrod. A motar da ke da hita kuwa, yana iya fashewa a fuskar mai fesawa.

Haɗa batir da wata mota, a tabbatar 12 da 12 ne, ko 24 da 24. Ja a fozitif na mataccen, ɗaya bakin a fozitif na mai rai. Baƙa a nagatif na mai rai, bakin ƙarshe kuma a jikin ƙarfen injin da ya ƙi tashi, nesa da batir. Dalili shi ne batir na fitar da iskar haidurojin, tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa shi ya watsa asid a ido. Saboda haka gwada batir da sifana a ga tartsatsi, ko leƙa ruwansa da ashana, ganganci ne.

Sai turi da gangara. Ƙaramar mota a fili, a giya biyu, ba laifi. Babbar mota mai birkin iska kuwa, in inji bai tashi ba kwamfireso ba ya tara iska, abin da ya kwana a tanki ƙila ya zube. Ka sake ta a gangara da lodi, in ta ƙi kamawa, da me za ka tsayar da ita? Ga sitiyari ya yi nauyi, ga yara a baya suna turi, ga mutane a gaba. Kalli gejin iska kafin ka cire waigi. In babu iska, a ba ta daga wata mota, ko a ja ta da sandar ƙarfe, ba igiya ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tumatir in ya ruɓe, baɗi ma za a noma wani.

In Allah Ya sa ta tashi, kada ka hau ta da totur. Man bai gama zagayawa ba. Bar ta a silo minti 3 zuwa 5, ka ga fitilar mai ta mutu, iska ta cika, sannan ka ɗaga a hankali. Kuma kada a ɗumama mota a rufaffen wuri, hayaƙinta na kisa ba tare da mutum ya ankara ba.

Shirin gobe da safe tun daren yau ake yinsa. Cika tanki kafin ka kwana, raɓa ba za ta samu wuri ba. Juya gaban mota ta ba iskar arewa maso gabas baya, in da hali inda rana za ta fara haskawa, ka rufe bonet da buhu ko tamfol bayan inji ya huce. Duba ruwan batir ya rufe faranti, ka ƙara da tataccen ruwan batir, ban da asid, ban da ruwan rijiya. Wanda kuma aka cire wa tamostat saboda tsoron zafi, a mayar. Injin da ba ya kaiwa zafinsa na aiki ya fi shan mai, ya fi saurin cinye rin, kuma shi ne zai ƙi tashi a hunturun baɗi.

A nan za mu dakata. Wanda yake da tambaya ya rubuta a ƙasa, ya faɗi irin motar, da ƙarar da yake ji, da kalar hayaƙin da ya gani, da haka za mu fi gane inda matsalar take. A tura wa direban da aka san zai amfana. Allah Ya tsare hanya, Ya ba da sa'a, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.